Yadda Ake Samar da Kukan Fidbak na Jitar Lantarki a Kwamfuta

Idan makaɗin jitar lantarki ya ƙure amfilifaya, ya kaɗa tsirkiya ɗaya ya riƙe, sautin ba ya mutuwa kamar yadda aka saba. Sai ya tsaya, ya fara kumbura, can kuma ya rikiɗe ya koma wata siririyar murya a sama mai kama da kuka. Wannan shi ne fidbak. Jimi Hendrix ya yi suna da shi a ƙarshen shekarun 1960, kuma duk wanda ya saurari makaɗan jitar Agadez na yanzu irin su Mdou Moctar a kan dandali ya ji shi. Amma da zarar an shiga situdiyon kwamfuta, an cusa wayar jita a saunkad, akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, an ɗora amfilifayar fulogin, wato ta manhaja, an sa hedifon, sai a neme shi a rasa, ko da an murɗa gen, maɓallin ƙarfin sautin da ke shiga amfilifaya, har ƙarshe.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Fidbak zagaye ne. Tsirkiya tana kaɗawa, fikof, wato maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, yana mayar da kaɗawar ta zama lantarki, amfilifaya tana ƙara masa ƙarfi, sifika tana tura iska, iskar kuma tana dawowa ta girgiza katakon jita da tsirkiyar da ta fara aikin. Idan abin da ya dawo ya fi abin da tsirkiyar ke asara a kowane zagaye, kuma ya iso daidai lokacin da zai tura ta gaba ba lokacin da zai tare ta ba, sauti zai yi ta girma har amfilifaya ta cika ta hana shi wuce wani mataki. Kamar lilo ne: ƙarfin turi kaɗai bai isa ba, sai an tura a kan gaɓa. Hedifon yana yanke wannan zagaye, domin babu abin da ke komawa ga tsirkiya.

Abu biyu za ka riƙe daga nan, duk sauran bayanin a kansu yake. Na farko, kukan yana fitowa ne daga cikin sautin tsirkiyar kanta, daga ɗaya daga cikin hamonik ɗinta, wato ƙananan muryoyin da ke ɓoye a cikin not ɗinta. Na biyu, yana faruwa ne kafin distoshan, wato kaushin da amfilifaya ke sa wa sauti idan ta cika, ya bi ta cikin amfilifaya tare da sautin jita. Duk abin da ka liƙa bayan amfilifaya, kunne zai ji shi a matsayin fito da aka ɗora daga baya.

Lissafin da ba makawa sai da shi

Tsirkiya ba ta kaɗawa da murya ɗaya. Idan ka danna tsirkiyar G a firet na 2, wato gaɓa ta biyu a wuyan jita, not ɗin A ne, 220 Hz, ma'ana kaɗawa 220 a daƙiƙa. A cikinsa akwai hamonik na biyu a 440 Hz, na uku a 660, na huɗu a 880, na biyar a 1100. Idan za a ƙirga da semiton, wato tazarar firet ɗaya, wadda ake rabawa sen 100, daga not ɗin asali, na biyu 12 ne, na uku 19 da ƙarin sen 2, na huɗu 24, na biyar 28 a rage sen 14. Fidbak na gaske ya fi kama na biyu da na uku, wani lokaci ma ya tsaya a kan asalin not ɗin. Tsirkiyoyi shida a buɗe, idan an ɗaure su ɗaurin da aka saba, suna ba da 82.4, 110, 146.8, 196, 246.9 da 329.6 Hz.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato santimita 34 a kowace milisakan. Tsawon igiyar sautin 440 Hz santimita 78 ne. Ke nan idan kana tsaye a inda 440 ke kamawa, ka matsa santimita 39, sautin da ke dawowa zai koma yana tare tsirkiya maimakon tura ta, sai wani hamonik ɗin ya karɓe. Shi ya sa a 1977, a situdiyon Hansa da ke Berlin, lokacin da Robert Fripp yake kaɗa wa David Bowie jita, ya manna tef a ƙasa yana alamta inda zai tsaya don kowane not.

Hanya ta farko: a mayar da zagayen na gaske

Idan akwai jita a hannu, wannan ta fi kowace. Ba a buƙatar amfilifayar katako. Sifikar monita ɗaya ta isa.

Cusa jita a ramin saunkad mai alamar Inst ko Hi-Z, ka danna maɓallin. Daidaita gen ɗin shiga yadda bugu mafi ƙarfi zai tsaya wajen −12 dB. Kashe sauraron kai tsaye na saunkad, domin sautin da ya bi ta fulogin kake so ya fita a sifika. Sa bafa, wato yawan gutsattsarin sauti (samful) da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su, a 64 ko 128. A 48 kHz, bafa 128 milisakan 2.7 ne a shiga, wani 2.7 a fita, idan an haɗa da jinkirin na'urar kanta yakan kai 6 zuwa 10.

Jinkirin nan ba ya hana fidbak, tamkar ka ƙara nisa ne tsakaninka da sifika. Inda yake ɓata aiki shi ne wajen lanƙwasa tsirkiya, wato tura ta da yatsa don not ya hau. Idan jinkirin zagaye milisakan 10 ne, canjin 50 Hz kacal ya isa ya juya turi ya koma tarewa. Lanƙwasa not ɗin 440 da semiton biyu kuwa ya haura 50 Hz, don haka kukan zai faɗi a tsakiyar lanƙwasar. Idan jinkirin milisakan 3 ne, sai an yi canjin fiye da 160 Hz kafin hakan ya faru. Saboda haka a rage bafa iya yadda kwamfuta za ta ɗauka, a kuma kashe duk fulogin mai ƙara jinkiri da ke kan masta, tirak ɗin da duk sauti ke fita ta cikinsa.

Jerin fulogin a kan tirak ɗin jita: kwamfiresa mai daidaita ƙarfin sauti a farko, rashiyo 4:1, sai obadiraib irin na Tube Screamer, diraib ƙasa, lebul sama, saboda yana ɗaga tsakiyar sauti wajen 700 Hz inda fidbak ke son zama, sai amfilifayar fulogin, ko Guitar Rig ce, ko AmpliTube, ko Neural Amp Modeler da ake samu kyauta, gen a 7 ko 8 cikin 10, sai kabinet, wato fulogin mai kwaikwayon akwatin sifika. Bayan kabinet ka yanke duk abin da ke ƙasa da 100 Hz da abin da ke sama da 5 kHz, sannan limita, mai hana sauti wuce iyaka, a −6 dB. Yankan saman nan ba don daɗin sauti ba ne kawai. Ƙaramar sifikar sama ta monita ba a yi ta don ɗaukar siririn sauti mai ƙarfi na tsawon daƙiƙoƙi ba, tana iya ƙonewa. Wanda yake da tsohuwar sifika mai arha ya fi kyau ya yi aikin da ita. Noiz get kuma, wanda ke rufe sauti idan ya yi ƙasa, a kashe shi gaba ɗaya, kuma duk makirufon da ke buɗe a ɗakin a rufe shi kafin a ɗaga murya.

Abin da za ka ɗauka shi ne tsurar sautin jita kafin fulogin. Tsirkiyar da gaske take kaɗawa, saboda haka kukan yana cikin wannan tsurar ɗaukar. Daga baya kana iya canza amfilifaya, ka rage gen, ka canza kabinet, fidbak yana nan daram.

Akwai matsalar kiɗan baya. Idan ya fita a sifika ɗaya da jita, shi ma zai girgiza tsirkiyoyi. Mai saunkad mai mafita huɗu sai ya tura kiɗa hedifon, jita sifika. Mai mafita biyu ya karkatar da kiɗan duka zuwa hagu, jita zuwa dama, ya kashe monitar hagu daga wuta. Hedifon zai ji duka biyun, sifikar dama kuwa jita kaɗai za ta fitar.

Yanzu ɗaure tsirkiyoyin da ba ka buƙata da ƙyalle ko ka cusa soso a ƙarƙashinsu, in ba haka ba tsirkiyar E ko A mai kauri ce za ta fara gurnani ta danne komai. Tsaya rabin mita daga sifika, kaɗa not, riƙe, ka ɗaga murya sannu a hankali. Juya jikinka kaɗan kaɗan, matsa gaba da baya taki ɗaya. Idan ya ƙi kamawa, kada ka yi saurin ƙara murya. Jingina kan jitar, inda makullan ɗauri suke, a jikin akwatin sifika. Girgiza ta katako ta fi ta iska ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma da ita ana samun kuka a murya ƙasa da wadda za ta tada maƙwabta. Wasu suna ɗaure ƙaramin injin girgiza, irin wanda ake mannawa a allo ya mayar da shi sifika, a kan jitar, su ba shi sauti daga ƙaramar amfilifaya. Aikinsa ɗaya ne, kuma kusan babu ƙara a ɗaki.

Zaɓen hamonik yana hannunka. Fikof na wajen wuya yana jan kuka zuwa asalin not da na biyu, na wajen gada yana jan sa sama. Idan takamaiman hamonik kake so, sa ikwalaiza, mai ɗaga ko sauke wani yanki na sauti, kafin amfilifaya ka ɗaga wurin da dB 9 zuwa 12, Q, wato sirantar wurin da aka ɗaga, tsakanin 3 da 5. Fedar wah-wah, wadda ake takawa tana canza muryar jita, idan aka bar ta a tsakiya, aikin da take yi ke nan. Ɗan girgiza yatsa a kan tsirkiya yana taimakawa, domin yana ratsa da not ɗin ta wurin da zagaye ke kamawa.

Idan abin da ya fito tsuwa ce mai huda kunne wadda ba ta bin not, ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyi. In ta tsaya, daga tsirkiya take, sai a rage sama. In ta ci gaba, ɗaya daga biyu ne: ko waya ta saki a cikin fikof yana aiki kamar makirufo, maganinsa a tsoma shi a narkakken kaki wurin mai gyara, ko kuma ka kai fikof kusa da bakin sifika har maganaɗisunsu suna magana da juna kai tsaye. Ja da baya santimita 30.

Kunne kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Ƙa'idar da hukumar NIOSH ta Amurka ta bayar ita ce awa 8 a 85 dB, kuma duk ƙarin dB 3 yana raba lokacin biyu. A 100 dB minti 15 ne. Sa abin toshe kunne ko hedifon mai rufewa.

Hanya ta biyu: jita an riga an ɗauka, ko ta MIDI ce, wato ta manhaja

Nan ne yawancin masu haɗa kiɗa suke, musamman a situdiyoyin da piyano da manhajar FL Studio ke yin komai. Sharaɗi ɗaya ne: a samu sautin jita tsura, marar distoshan. Idan abin da aka ba ka ya riga ya bi ta amfilifaya, sakamakon ba zai taɓa kai na tsura ba.

Fara da haɗa hanya. Tsurar jita a tirak na 1, sautin kuka a tirak na 2, dukansu su shiga tirak na 3 kaɗai, inda amfilifayar fulogin take. A FL Studio sai ka cire hanyar insat, wato tirak ɗin miksa, 1 da 2 zuwa masta, ka tura su insat 3. Amfanin haɗa su kafin distoshan shi ne, amfilifayar da ta cika tana bin sautin da ya fi ƙarfi. Yayin da jita ke dusashewa, kuka yana tasowa, za a kai wani wuri da su biyun ke kokawa, ana jin wani kaushi, sannan kuka ya yi nasara ya danne. Wannan kokawar ita ce ke sa kunne ya yarda, kuma kyauta take zuwa in dai an haɗa hanyar daidai.

Sautin kukan ana samun sa ta hanya biyu. Mai sauƙi ita ce sayin, tsurar igiyar sauti marar hamonik, daga 3x Osc, ko Vital, ko Operator na Ableton. A 3x Osc a rufe osileta ta biyu da ta uku. Kada ka dogara da sunan not, domin manhajoji ba su yi ittifaki ba: C ta tsakiyar piyano FL Studio yana kiran ta C5, Ableton yana kiran ta C3. Bi lambar Hz. Ɗora abin nuna sifektiram irin SPAN na Voxengo a kan tsurar jita, ka ga ainihin inda hamonik ɗin da kake so ya tsaya, ka daidaita sayin da shi. Kada ka ɗauka 660 ne cif don lissafi ya ce haka; tsirkiya mai kauri tana ɗan ɗaga hamonik ɗinta sama, yatsa ma yana ɗagawa, E ta piyano kuwa 659.3 ce. Idan akwai bambancin 3 Hz tsakaninsu za ka ji sauti yana rawa sau 3 a daƙiƙa. Rawar sau ɗaya a daƙiƙa ko ƙasa da haka tana ƙara armashi, wadda ta wuce haka tana tona asiri.

Yadda kukan zai taso shi ne inda ake cin nasara ko a faɗi. Bar not ɗin jita ya yi daƙiƙa 0.8 zuwa 1.5 shi kaɗai. Sannan sayin ya fara daga wajen dB 40 ƙasa da jita, ya hau cikin daƙiƙa 1.5 zuwa 2.5 har ya ɗara wutsiyar jitar da dB 3 zuwa 6. Fidbak na gaske ninkuwa yake yi a kowane zagaye, saboda haka da farko kamar babu abin da ke faruwa, sai can ya taso da sauri, sannan ya daidaita. Idan ka zana hawan a miƙe a kan ma'aunin dB ka samu wannan siffar. Idan atak ɗin sinti, wato saitin saurin tasowar sayin, ka yi amfani da shi, lanƙwasa shi ya kwanta a farko ya miƙe a ƙarshe. Hawan da ya fara da ƙarfi tun farko yana kama da mai piyano yana murɗa murya.

A daidai wannan lokacin, a kan tirak na 1, sa ikwalaiza a kan asalin not, misali 220 Hz, Q wajen 4, ka yi otomeshan, wato ka zana yadda maɓallin zai motsa da kansa, daga 0 zuwa −12 dB. A zahiri idan hamonik ya karɓe, asalin yana janyewa.

Sayin tsayayye ba shi da rai, dole a motsa shi. Ba shi LFO, abin da ke kai da kawo da maɓalli da kansa, mai tafiyar hawainiya, 0.2 zuwa 0.5 Hz, marar tsari idan akwai, ya motsa not da sen 3 zuwa 5, murya da dB 1 zuwa 2. Idan makaɗin ya girgiza yatsa, zana girgizar a kan sayin ta bi tasa. Yawanci sau 5 zuwa 6 ne a daƙiƙa, faɗin sen 15 zuwa 30. Kuma kada ka bar shi ya dusashe a hankali. Fidbak ba ya mutuwa don kansa, kashe shi ake yi: ko a ɗora hannu ya yanke cikin milisakan 20 zuwa 50, ko a zame yatsa ƙasa. Idan za ka samu ƙarar hannu a kan tsirkiya daga wani wuri a cikin ɗaukar, yanko ta ka ajiye a wurin yankewar.

Ɗaya hanyar ta fi wannan kyau idan jitar mutum ce ya kaɗa, kuma ita ya kamata a fara gwadawa. Maimakon sayin, ciro kukan daga jitar kanta. Kwafi tsurar tirak ɗin, ka sa filta mai barin siririn wuri kawai a kan hamonik ɗin, Q 10 zuwa 20, ka jera biyu a jere don sauran su mutu sosai. Bayansu kwamfiresa mai rashiyo 20:1 ko limita, ka ƙara dB 25 zuwa 30, yadda hamonik ɗin zai tsaya a mataki ɗaya ko da tsirkiya na dusashewa. Sai ka yi masa hawan da aka bayyana a sama. Duk girgiza da kaucewar not na makaɗin suna ciki, babu rawar saɓani domin tushensu ɗaya. Rauninta biyu. Idan an lanƙwasa tsirkiya sosai hamonik zai fice daga filta, sai an bi shi da otomeshan ko an sassauta Q zuwa 5. Sannan idan tsirkiya ta mutu ba abin da zai rage sai shuu. Maganin wannan shi ne a yanko rabin daƙiƙa daga inda hamonik ɗin yake da lafiya, a maimaita shi da kurosfed, wato ƙarshen ɗaya ya narke cikin farkon na gaba, na milisakan 50 zuwa 100, ko a miƙa sautin wajen ya ninka biyu ko uku kafin a sa filta.

A kula da kod ɗin da ke ƙasa. Hamonik na biyu da na huɗu ba sa faɗa da kowa, na uku ma da wuya. Na biyar kuwa, a kan A, yana kusa da C mai shaf. Idan waƙar a A maino take, zai yi karo da C ta 1046 Hz, kuma babu miksin da zai gyara wannan.

Hanya ta uku: zagaye a cikin manhaja

Ana iya mayar da fitar amfilifayar fulogin cikin shigarta. Reaper yana yarda idan an shiga saitin aiki, shafin Advanced, aka kunna “Allow feedback in routing”. A Ableton, tirak ɗin ritan, wanda sauran tirak ke aika wa sauti, yana iya aika wa kansa idan an danna dama a kan maɓallin aikawa aka zaɓi “Enable Send”. Miksar FL Studio ba ta yarda da zagaye ba. Can sai a yi amfani da Fruity Delay 3, a cire shi daga bin tempo, a sa lokaci gajere, filtarsa a BP, mai barin wuri ɗaya kawai, a kai fidbak ɗinsa kusa da ɗari bisa ɗari ko ɗan sama, a ajiye shi kafin amfilifaya.

Kafin komai, limita a kan masta, murya ƙasa, hedifon a cire. Zagayen dijital yana iya tashi daga shiru zuwa ƙarshen ma'auni cikin ƙiftawar ido. A cikin zagayen a jera filta mai barin wuri ɗaya, sai dile mai jinkirta sauti, sai sof kilifa mai danne ƙololuwar sauti da za ta riƙe shi. Maɓallin aikawa ya fara daga rufe, a buɗe shi kaɗan kaɗan.

Zagaye mai jinkirin T yana kamawa ne a 1/T da ninkinsa. Tsawon kaɗawa ɗaya a milisakan shi ne 1000 a raba da Hz: 660 Hz yana ba da 1.52. Amma manhaja tana ƙara aƙalla bafa ɗaya a kowane zagaye. Idan bafa 128 ce a 48 kHz, milisakan 2.67 sun riga sun shiga, ninkin 1.52 na gaba kuwa 3.03 ne, saura 0.36 ke nan da za ka sa a dile. Filta da amfilifaya za su ɗan karkatar da lissafin, don haka a ƙarasa da tuna da kunne. Idan ya ƙi zama a wurin, juya folariti, wato a kifa igiyar sautin, a cikin zagayen, wannan yana matsar da wuraren kamawa da rabin tazara.

Gaskiyar magana, wannan hanya ta fi dacewa da hayaniya da gurnani fiye da kukan jita mai daɗi. Babu tsirkiya a cikin zagayen, don haka ba ya bin makaɗi, kuma ba ya tsayawa idan jita ta tsaya. Kukan lasifikar taro yake yi. Ana rage wannan da get a cikin zagayen wanda tsurar jita ke buɗewa ta saidcen, wato daga tirak ɗinta, ko a sa abin da ke kwaikwayon tsirkiya, kamar Corpus na Ableton ko kom filta da aka daidaita da not ɗin. Dabarar ba sabuwa ba ce: a 1990 Charles Sullivan ya nuna yadda ake sa tsirkiyar lissafi ta Karplus da Strong a cikin zagaye mai distoshan a samu fidbak. Wani tarko kuma, tunda bafa tana cikin lissafin, ranar da ka canza ta ko ka fitar da waƙa, not ɗin kukan zai iya canzawa. Da zarar ya yi daidai, ɗauke shi a sabon tirak yana cikin kaɗawa.

Kayan da aka yi don wannan aiki

Acoustic Feedback na Softube da AcouFiend na Blue Cat Audio suna sauraron tsurar jita su ƙirƙiro kukan. Wurinsu farkon jeri ne, kafin amfilifaya, kuma sun fi biyayya ga not ɗaya mai tsabta. Yi otomeshan na ƙarfinsu, kada ka bar su a buɗe tsawon waƙa. A ɓangaren kayan hannu akwai fedar FreqOut ta DigiTech, mai ba da zaɓin hamonik da saurin tasowa, da EBow wanda ya shigo kasuwa a 1976. Shi EBow da maganaɗisu yake kaɗa tsirkiyar gaske, yana da wurin sawa ya ba da hamonik, batirin 9V yake ci, ba ya buƙatar sifika ko kaɗan.

Abubuwan da ke ɓata aiki a ƙarshe

Gen mai yawa yana ɗaga komai, har da gurnanin wuta. A Najeriya da Nijar wutar 50 Hz ce, don haka za a ji shi a 50, 100, 150 da sama. Fara da cire cajar laftof a ɗauka da batir, sannan juya jitar har ka samu kusurwar da ta fi shiru, ka nisanci allon kwamfuta da sitabilaiza. Fikof mai koyil ɗaya ya fi ɗaukar wannan. A jita mai fikof uku irin Stratocaster, matsayi na 2 da na 4 yawanci suna soke shi. Idan ya riga ya shiga ɗauka, a yanke shi da siraran noc, wato filta masu cire wuri ɗaya kawai, kafin amfilifaya. Da janareta kuwa abin ya fi wuya, domin gudunsa yana hawa da sauka da nauyin kaya, gurnanin ba ya tsayawa a 50 cif, noc mai siranta sosai zai riƙa kuskure.

Idan kuka ya hau sama sai ka ji wasu ƙananan muryoyi suna saukowa ƙasa a lokacin da yake hawa, wannan aliyasin ne: distoshan ya haifi hamonik da suka wuce rabin adadin samful suka naɗo baya. Da kod ba a cika jin sa ba, da siririn sauti ɗaya kuwa a fili yake. Kunna obasamfulin na amfilifayar, mai ninka adadin samful a cikinta, ninki 4 ko 8, ko maɓallin HQ, aƙalla lokacin fitar da waƙa.

Noiz get da aka manta a cikin firiset yakan rufe a daidai lokacin da jita ta dusashe kuka bai gama tasowa ba, sai a ji rami. Kashe shi da otomeshan a wannan wurin.

Bayan kabinet a sa ribab, wato amsa-kuwwa, na ɗaki, gajere, daƙiƙa 0.4 zuwa 0.8, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Kunne ya saba jin fidbak a wurin da iska ke motsi, idan ya zo a bushe sai ya zama kamar a cikin kai yake. Dile mai bin tempo, idan ana so, shi ma bayan kabinet.

Sauti ɗaya mai tsawo tsakanin 1 da 4 kHz yana jin ƙarfi a kunne fiye da abin da ma'auni ke nunawa, kuma nan ne muryar mawaƙi take. Yayin da kuka ke kaiwa ƙololuwa, sauke tirak ɗin amfilifaya da dB 2 zuwa 4, ko ka sa ikwalaiza mai motsi a kan wannan Hz ɗin kaɗai. Gwada a sifikar waya kafin ka rufe aiki: ita ba ta fitar da bes, tsakiya da sama take turowa, don haka kukan da ya zauna lafiya a monita yana iya haye murya a can. Idan haka ta faru, rage tirak na 2 da dB 2 kafin ka taɓa amfilifaya, sannan ka sake saurarar wurin da jita da kuka suke musayar hannu, domin rage shi yana jinkirta lokacin da zai karɓe, wataƙila sai ka matso da farkon hawan baya da kwata na daƙiƙa.